Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Nazarin Dalilan Faɗuwar Amurka a Yaƙin Biyetnam

1.0 Gabatarwa

A safiyar ranar 30 ga Afrilu, 1975, jirgi mai saukar ungulu na ƙarshe ya tashi daga rufin ofishin jakadancin Amurka da ke birnin Saigon, ɗauke da ragowar sojojin da ke gadin ginin. Kafin azahar tankokin yaƙin Biyetnam ta Arewa sun karya ƙofar fadar shugaban ƙasa, an kuma sauke tutar Biyetnam ta Kudu. Da haka aka rufe yaƙin da Amurka ta shafe kusan shekara ashirin tana zuba wa kuɗi da makamai, daga baya kuma rayukan 'ya'yanta. A ganiyar yaƙin, cikin Afrilu na 1969, Amurka tana da sojoji kimanin 543,000 a wannan ƙasa wadda, ko an haɗa Kudu da Arewa, ba ta kai rabin Nijeriya faɗi ba. Bama-baman da jiragenta suka zuba a kan Biyetnam da Lawos da Kambodiya sun haura tan miliyan 7, wato ninkin-ba-ninkin abin da ta jefa a Yaƙin Duniya na Biyu. Duk da haka ta bar fagen ba tare da biyan buƙata ba, bayan ta rasa sojoji fiye da 58,000.

Abin da ke ɗaure wa mai nazari kai shi ne, a mafi yawan manyan gwabzawar da aka yi rundunar Amurka ce ta kwana a fili, kuma hasarar abokan karawarta ta ninka tata sau da yawa. To, yaya aka yi mai cin faɗa ya faɗi a yaƙi? Manufar wannan maƙala ita ce amsa wannan tambaya. Za a nuna cewa ɓangarorin biyu sun shiga fage ɗaya da ma'auni daban-daban. Amurka tana auna nasara da yawan gawawwakin abokan gaba da nauyin bam ɗin da aka jefa. Su kuwa 'yan sari-ka-noƙe da masu ɗaure musu gindi a birnin Hanoi suna auna ta da abu biyu: wa ke da ta cewa a ƙauye idan dare ya yi, kuma wa zai fara gajiya. Domin fito da wannan fili, za a waiwayi tushen rikicin, sannan a dubi gwamnatin da Amurka ta je karewa, da dabarar yaƙin da ta bi, da kuma yadda haƙurin jama'arta ya ƙare a gida.

2.0 Tushen Rikicin

Amurka ta tarar da yaƙin Biyetnam yana ci tun kafin ta sa ƙafa a cikinsa. Mutanen wannan ƙasa sun zauna ƙarƙashin mulkin Sin na kimanin shekara dubu kafin su ƙwaci kansu a ƙarni na goma, kuma labarin jaruman da suka kori baƙin mamaya shi ne abin da yaro ke tashi da shi. Faransa ta fara kai musu hari a 1858, ta mallake su har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Japan ta shigo. A 1941 Ho Chi Minh, wanda ɗan kwaminisanci ne kuma ɗan kishin ƙasa, ya kafa ƙungiyar Biyet Min, kuma a ranar 2 ga Satumba, 1945, ya yi shelar 'yancin kai a Hanoi. Faransa ba ta yarda ba, aka shiga yaƙi daga 1946 har zuwa ranar 7 ga Mayu, 1954, lokacin da mayaƙan Janar Vo Nguyen Giap suka ci sansanin Faransawa da ke kwarin Dien Bien Phu, bayan sun ja manyan bindigogi da ƙarfin hannu zuwa kan duwatsun da suka kewaye shi. A lokacin Amurka ce ke biyan kusan kashi huɗu cikin biyar na kuɗin da Faransa ke kashewa a yaƙin.

Yarjejeniyar Janeba ta Yuli 1954 ta raba ƙasar biyu na wucin gadi, Arewa a hannun Ho Chi Minh, Kudu a hannun abokan hamayyarsa, da sharaɗin za a yi zaɓen haɗe ƙasa a 1956. Ba a yi wannan zaɓe ba, domin gwamnatin Kudu ta ƙi, Amurka kuma ta goya mata baya. Shugaba Eisenhower da kansa ya rubuta daga baya cewa masana ƙasar sun shaida masa da an yi zaɓe lokacin yaƙi da Faransa, mai yiwuwa kashi 80 cikin ɗari na jama'a su zaɓi Ho Chi Minh a kan Sarki Bao Dai.

A nan kuskuren farko ya samo asali. Mahukuntan Washinton sun kalli Biyetnam da idon Yaƙin Cacar Baki. A ganinsu ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya kamar tubala ne da aka jera a tsaye, idan kwaminisanci ya ture na farko sauran za su bi shi ɗaya bayan ɗaya, kuma Ho Chi Minh ɗan aiken Mosko da Beijin ne kawai. Amma ga manomin da ke fadamar shinkafa, Ho Chi Minh shi ne mutumin da ya kori Faransawa, Ba'amurken da ya zo da bindiga kuwa wani Bature ne da ya gaji na jiya.

3.0 Gwamnatin da Aka Je Karewa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon da Amurka ta jingina da shi a Kudu shi ne Ngo Dinh Diem, wanda ya zama shugaban ƙasa a 1955 bayan wata ƙuri'ar raba gardama da aka ce ya samu fiye da kashi 98 cikin ɗari. Diem mai bin ɗarikar Katolika ne a ƙasar da mafi yawan jama'arta ke bin addinin Buda da al'adun kakanni, kuma ya danƙa manyan muƙamai a hannun danginsa, musamman ƙanensa Ngo Dinh Nhu mai kula da 'yan sandan ciki. A 1956 ya soke zaɓen majalisun ƙauyuka, al'adar da ta daɗe a ƙasar, ya riƙa turo wakilai daga birni waɗanda ba su san kowa ba kuma ba wanda ya san su. Mafi muni a idon talaka shi ne batun gona. A wurare da dama Biyet Min ta riga ta raba wa manoma filayen manyan masu ƙasa da suka gudu birni lokacin yaƙi da Faransa. Da gwamnatin Diem ta kafu sai masu filayen suka dawo da rakiyar soja suna karɓar kuɗin haya.

A Disamba 1960 aka kafa ƙungiyar 'yantar da Kudu, wadda gwamnatin Saigon da Amurkawa suka laƙaba wa suna Biyet Kong, kuma Hanoi ce ke jan ragamarta. Bai kamata a ɗauka cewa da lallashi kaɗai ta samu mabiya ba. Mayaƙanta sun kashe dagatai da malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati masu yawa domin tsorata saura. Sai dai tsoratarwarsu tana da zaɓi, sun san gidan wa za su ƙwanƙwasa, kuma suna haɗa ta da alkawarin gona da hukunta azzalumin jami'i. Jami'insu ɗan ƙauyen ne, yana cin abin da ake ci, yana kwana inda ake kwana.

Amsar da gwamnati ta bayar ta ƙara dagula al'amari. A 1962 aka fara shirin tattara manoma cikin ƙauyukan tsaro da aka kewaye da rami da waya mai ƙaya, domin a raba su da 'yan tawaye. An tilasta wa mutane barin gonakinsu da kaburburan iyayensu, waɗanda suke girmamawa ƙwarai, aka kuma sa su aikin gina katangar ba tare da lada ba. Da yawa daga cikinsu sun fito daga waɗannan ƙauyuka da ƙiyayyar gwamnati wadda ba su shiga da ita ba. A Mayu 1963 sojoji suka buɗe wuta kan mabiya addinin Buda a birnin Hue saboda rikicin ɗaga tuta, mutum tara suka mutu, kuma a ranar 11 ga Yuni wani dattijon malamin addinin, Thich Quang Duc, ya banka wa kansa wuta a tsakiyar titin Saigon. A farkon Nuwamba hafsoshin soja suka kifar da Diem da sanin Amurka, suka kashe shi da ƙanensa. Daga nan juyin mulki ya riƙa bin juyin mulki har zuwa 1965, lokacin da Nguyen Van Thieu da Nguyen Cao Ky suka karɓi ragama.

Rundunar Kudu ba matsorata ba ce gaba ɗaya, domin fiye da sojojinta 200,000 sun mutu a fagen daga. Matsalarta tana sama. Ana ba da muƙami bisa biyayya ga mai mulki, wasu kwamandoji suna karɓar albashin sojojin bogi waɗanda sunayensu kawai ke cikin littafi, kayan agajin Amurka kuma suna ɓulla a kasuwar bayan fage. Sai a 1970 gwamnatin Thieu ta yi dokar mallaka wa manomi gonar da yake nomawa, shekara goma sha biyar bayan lokacin da dokar za ta fi amfani. Duk sojan da Amurka ta ƙara turowa yana ƙara tabbatar da zargin 'yan tawaye cewa gwamnatin Saigon 'yar amshin shatan baƙi ce.

4.0 Yaƙin Ƙidayar Gawa

A ƙarshen 1963 Amurka tana da masu ba da shawarar soja kimanin 16,000 a Kudu. A Agusta 1964 aka ba da rahoton cewa jiragen ruwan Arewa sun kai wa na Amurka hari sau biyu a Mashigin Tonkin, Majalisar Dokoki kuma ta ba Shugaba Lyndon Johnson iznin amfani da ƙarfi yadda ya ga dama. Bayanan sirri da aka saki a 2005 sun tabbatar da cewa hari na biyu, na ranar 4 ga Agusta, bai auku ba. A ranar 8 ga Maris, 1965, sojojin ƙundumbala 3,500 suka sauka a gaɓar Da Nang, kuma cikin shekara uku adadin sojojin Amurka ya haura rabin miliyan.

Kwamandansu, Janar William Westmoreland, ya zaɓi dabarar ƙarar da abokin gaba ta hanyar kisa. Tunaninsa shi ne, idan aka ci gaba da neman mayaƙa ana halaka su, wata rana waɗanda ake kashewa za su fi waɗanda ake maye gurbinsu da su yawa, daga nan Hanoi ta saduda. Tun da babu fagen daga mai iyaka da za a auna ci gaba da shi, sai ƙidayar gawa ta zama ma'auni. Wannan ya yi daidai da halin Sakataren Tsaro Robert McNamara, tsohon shugaban kamfanin motoci na Ford, mutumin da ya yi imani da alƙaluma. Illar wannan ma'auni ba ta daɗe ba ta bayyana. Hafsan da ƙarin girmansa ya rataya a kan yawan gawa yana da dalilin ƙara adadi, yana kuma da dalilin lissafa kowane mataccen manomi a matsayin ɗan tawaye. Alƙaluman da ke isa Washinton suna nuna nasara kowane wata, alhali ƙauyuka suna nan a hannun masu su na dare.

Lissafin kansa ba mai fita ba ne. A kowace shekara samari kimanin 200,000 ne ke isa shekarun shiga soja a Arewa, kuma shugabannin Hanoi, musamman Le Duan wanda ya riƙe jam'iyya tun 1960, a shirye suke su jure hasarar da babu gwamnatin Amurka da za ta iya jurewa. Bugu da ƙari, 'yan sari-ka-noƙe ne ke zaɓar lokaci da wurin mafi yawan arangamar da ake yi. Idan sun ga riba su afka, idan sun ga hasara su narke cikin kurmi ko cikin jama'a. Sun kuma koyi manne wa sojojin Amurka kurkusa a lokacin faɗa, yadda jirage da manyan bindigogi ba za su yi luguden wuta ba tare da sun taɓa nasu ba. A gundumar Cu Chi, kusa da Saigon, sun haƙa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu tsawon fiye da kilomita 200, da ɗakunan jinya da ma'ajiyar makamai, har wani babban sansanin Amurka aka gina a kan wani sashensu ba tare da an sani ba.

Tun da kisa ake nema, riƙe ƙasa bai zama abin damuwa ba. A Mayu 1969 sojojin Amurka suka yi kwana goma suna gwabzawa a kan wani tudu mai lamba 937 a kwarin A Shau, suka rasa mutum fiye da 70, suka ci tudun, sannan suka bar shi bayan 'yan makonni. Haka aka bar sansanin Khe Sanh a Yuli 1968 bayan an kare shi daga ƙawanya ta fiye da wata biyu. Manomin da ke kallon wannan ya fahimci darasi ɗaya: sojan Amurka zai zo da rana ya tafi, ɗan tawaye kuwa yana nan. Saboda haka ko da ba ya ƙaunar 'yan tawayen, hankali bai ba shi ya tona musu asiri ba.

Ƙarfin wutar da aka dogara da shi ya zama mai ɗaukar wa abokin gaba sababbin mayaƙa. An ayyana yankuna da dama a matsayin wuraren da duk abin da ya motsa halal ne a harbe shi. A Janairu 1967 aka kwashe mutanen garin Ben Suc, kimanin 6,000, aka rushe garin da katafila. Daga 1962 zuwa 1971 jirage sun fesa fiye da lita miliyan 70 na magungunan kashe tsire-tsire a kan dazuzzuka da gonaki, mafi shahara a cikinsu shi ne wanda ake kira Agent Orange, wanda har yanzu ake ɗora wa alhakin cututtuka da nakasar jarirai. Miliyoyin mutane sun zama 'yan gudun hijira a gefen birane. A ranar 16 ga Maris, 1968, wata ƙungiyar sojojin Amurka ta kashe fararen hula tsakanin 347 da 504 a ƙauyen My Lai, mafi yawansu mata da yara da tsofaffi.

A kan wannan duka akwai tsarin zaman shekara ɗaya. Sojan Amurka yakan yi wata goma sha biyu a Biyetnam ya koma gida, hafsa kuma sau da yawa wata shida kawai yake yi yana jagorantar mayaƙa a daji. Da zarar mutum ya fara gane ƙasar sai a maye gurbinsa da sabo wanda bai san harshe ba, bai kuma iya bambanta mai noma da mai dasa nakiya ba. Abokin karawarsa kuwa ba shi da ranar komawa gida sai an gama yaƙi.

5.0 Jijiyar da Ta Ƙi Yankuwa

Daga Maris 1965 zuwa farkon Nuwamba 1968 jiragen Amurka sun yi ta ruwan bama-bamai a kan Arewa da nufin karya mata gwiwa da toshe hanyar kai ɗauki Kudu. Irin wannan hari yana tasiri a kan ƙasa mai masana'antu, amma Arewa ƙasar noma ce, kuma makamanta ba a cikinta ake ƙera su ba. Tarayyar Sobiyet tana ba ta jiragen yaƙi da makamai masu linzami na kakkaɓo jirage, Sin kuma tana ba ta bindigogi da shinkafa, har ta turo sojoji kimanin 320,000 a tsakanin 1965 da ƙarshen shekarun 1960 domin gyaran hanyoyi da tsaron sararin sama. Gadar da aka karya da rana, dubban ma'aikata, da yawansu mata, sukan gyara ta ko su yi mata madadi da dare.

Hanyar Ho Chi Minh, wadda aka fara sharewa a 1959, ta ratsa duwatsu da kurmin Lawos da Kambodiya ne, kuma rassa gare ta barkatai, yadda idan an toshe ɗaya sai a bi wani. Da farko a ka da kan keke ake dakon kaya, daga baya manyan motoci suka riƙa bi cikin duhu. An jefa wa Lawos kaɗai bam fiye da tan miliyan 2 tsakanin 1964 da 1973, amma kaya ba su daina wucewa ba. Dalili kuwa shi ne ɗan sari-ka-noƙe ba ya buƙatar abu mai yawa daga waje. Abincinsa daga ƙauye yake fitowa, kuma ba kullum yake faɗa ba, saboda haka ko kaɗan daga cikin lodin ya tsira ya wadatar.

Mai tambaya zai ce, me ya hana Amurka mamaye Arewa ta ƙasa? Amsar tana Koriya. A 1950, da sojojin Amurka suka kusanci iyakar Sin, dubban ɗaruruwan sojojin Sin suka tsallako suka mayar da su baya. Johnson bai so a maimaita wannan da ƙasar da ta mallaki makamin nukiliya tun 1964 ba. Ke nan Amurka ta ɗaure wa kanta iyaka saboda Biyetnam ɗaya ce daga cikin harkokinta masu yawa a duniya, ita kuwa Hanoi ba ta da wata harka da ta wuce wannan.

6.0 Harin Tet da Ƙarewar Haƙuri a Gida

A Nuwamba 1967 Westmoreland ya je Washinton ya shaida wa jama'a cewa an fara hango ƙarshen yaƙi. Bayan wata biyu, a ƙarshen Janairu 1968, lokacin bikin sabuwar shekara da ake kira Tet, mayaƙan Biyet Kong da sojojin Arewa suka afka wa garuruwa da birane fiye da ɗari a lokaci guda, ciki har da manyan biranen larduna 36 daga cikin 44. Wasu 'yan ƙundumbala sun kutsa har harabar ofishin jakadancin Amurka a Saigon. A Hue an yi kusan wata guda ana faɗa gida-gida, kuma bayan an ƙwato birnin aka tono gawawwakin mutum kusan 2,800 waɗanda 'yan kwaminisanci suka kashe ko suka mutu a hannunsu.

Ta fuskar soja harin Tet babbar hasara ce ga masu kai shi. Boren jama'a da suka sa rai bai auku ba, an kashe musu dubun dubatar mayaƙa, kuma Biyet Kong ba ta sake komawa ƙarfinta na da ba. Amma Ba'amurken da aka gaya wa jiya cewa abokin gaba ya kusa ƙarewa, ya ga faɗa a tsakiyar Saigon a akwatin talabijin ɗinsa. A Maris labari ya fita cewa rundunar tana neman ƙarin sojoji 206,000. A ranar 31 ga Maris Johnson ya taƙaita ruwan bama-bamai, ya nemi a zauna teburin sulhu, ya kuma sanar cewa ba zai sake tsayawa takara ba. A wannan shekara kaɗai sojojin Amurka fiye da 16,000 suka mutu.

Akwai masu ɗora laifin faɗuwar a kan 'yan jarida da ɗaliban jami'a masu zanga-zanga. Wannan ra'ayi ya manta cewa tun cikin Oktoba 1967, kafin Tet, ƙuri'ar jin ra'ayi ta kamfanin Gallup ta nuna masu ganin shiga yaƙin kuskure ne sun fi masu ganin daidai ne yawa. Goyon baya ya riƙa raguwa ne gwargwadon yadda akwatunan gawa ke ƙaruwa ba tare da an ga inda aka dosa ba. Tsarin ɗaukar soja na tilas ya fi faɗawa kan 'ya'yan talakawa, domin ɗalibin jami'a yana iya samun jinkiri. A Afrilu 1967 Martin Luther King ya fito fili ya la'anci yaƙin, kuma a wannan watan ɗan dambe Muhammad Ali ya ƙi amsa kiran soja, aka ƙwace masa kambinsa. Kuɗin yaƙi ya haddasa tsadar kaya, har aka ƙara haraji a 1968. Labarin My Lai ya fito a Nuwamba 1969, a ranar 4 ga Mayu, 1970, dakarun tsaron jiha suka harbe ɗalibai huɗu a Jami'ar Kent ta jihar Ohayo, sannan a Yuni 1971 jaridu suka buga takardun sirrin Ma'aikatar Tsaro waɗanda suka nuna cewa gwamnatoci sun daɗe suna faɗa wa jama'a abin da su kansu ba su gaskata ba. Gwamnatin da ke neman ƙuri'a duk shekara huɗu ba ta iya riƙe dogon yaƙi bayan jama'a sun daina yarda da maganarta.

7.0 Janyewa da Rushewa

Shugaba Richard Nixon, wanda ya hau mulki a 1969, ya fara janye sojoji sannu a hankali tare da miƙa yaƙin ga rundunar Kudu. Wasu marubutan soja suna ganin a wannan zango, ƙarƙashin Janar Creighton Abrams, an gyara dabara, an mai da hankali ga tsaron ƙauyuka, kuma da Amurka ta ci gaba da tallafi da Kudu ta tsira. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin tsaro ya inganta a karkara bayan 1969, kuma a 1972 rundunar Kudu ta tare babban farmakin Arewa. Sai dai ta tare shi ne da taimakon jiragen Amurka. An gina ta bisa tsarin rundunar mai arziki, mai cin man fetur da harsashi ba lissafi, a ƙasar da ba ta iya biyan ko kaɗan daga cikin kuɗin. Kayan aro ba ya rufe katara.

Yarjejeniyar Faris ta ranar 27 ga Janairu, 1973, ta ba Amurka damar karɓo fursunoninta ta fice, amma ta bar sojojin Arewa a inda suke a cikin Kudu. A ƙarshen Maris sojojin Amurka na ƙarshe masu faɗa suka tashi. Majalisar Dokoki ta hana sake kai hari a yankin daga Agusta 1973, Nixon ya yi murabus a Agusta 1974 saboda abin kunyar Watergate, aka kuma rage tallafin da ake ba Saigon. A ranar 10 ga Maris, 1975, Arewa ta kai hari garin Ban Me Thuot. Thieu ya ba da umarnin janyewa daga tsaunukan tsakiyar ƙasar ba tare da shiri ba, janyewar ta koma gudun ceton rai, kuma cikin ƙasa da wata biyu komai ya rushe. Ya kamata a lura cewa bugun ƙarshe rundunar ƙasa ce mai tankoki ta yi shi. Aikin 'yan sari-ka-noƙe shi ne hana gwamnatin Kudu kafuwa da gajiyar da mai ɗaure mata gindi, kuma sun gama wannan aiki tun kafin tankokin su taso.

8.0 Kammalawa

An ga yadda Amurka ta ɗauki yaƙin neman 'yanci da haɗe ƙasa a matsayin reshen Yaƙin Cacar Baki kawai, ta jingina da gwamnatin da ba ta da saiwa a karkara, ta auna ci gaba da ma'aunin da ke ɓoye mata gaskiya, ta kuma fuskanci abokin gaba mai mafaka da masu taimako wanda ya fi ta jure hasara. Waɗannan dalilai a sarƙe suke. Raunin Saigon ne ya jawo sojojin Amurka, zuwansu ya ƙara raunana ta, wutar da suka yi amfani da ita ta kori jama'ar da aka zo nema, tsawon lokacin da wannan ya ɗauka kuma ya cinye haƙurin masu biyan haraji.

Nasarar ta zo wa Biyetnam da tsada mai ban tsoro. A 1995 gwamnatinta ta ce mayaƙanta kimanin miliyan 1.1 da fararen hula kimanin miliyan 2 ne suka mutu. Bayan 1975 an tsare dubban ɗaruruwan mutanen Kudu a sansanonin gyaran tunani, wasu dubban ɗaruruwa kuma suka tsere ta teku cikin ƙananan jiragen ruwa. Lawos da Kambodiya sun faɗa hannun 'yan kwaminisanci, amma Tailan da Malesiya da Indunusiya ba su bi su ba. Hasali ma, a ƙarshen 1978 Biyetnam ta mamaye Kambodiya ta kifar da gwamnatin Pol Pot, a Fabrairu 1979 kuma ta gwabza da Sin, ƙasar da aka ce ita ce uwar gijiyarta. A 1995 McNamara ya amsa a rubuce cewa shi da abokan aikinsa sun yi babban kuskure, kuma a wannan shekarar Amurka da Biyetnam suka ƙulla hulɗar jakadanci.

Tarayyar Sobiyet ta gamu da makamancin wannan a Afganistan daga 1979 zuwa 1989, Amurka ma ta sake gamuwa da shi a can daga 2001 zuwa Agusta 2021, lokacin da gwamnatin da ta shekara ashirin tana rainonta ta rushe tun sojojinta ba su gama ficewa daga Kabul ba. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare mutumin ƙauye ya san cewa akwai ranar da baƙo zai naɗe kayansa, kuma da wanda zai rage yake yin lissafinsa.